Mu Mutanen Bena da Kafaɗunmu

Idan kana son sanin yawan likitocin ƙashi da Allah Ya albarkaci Bena da su, kada ka wahalar da kanka da zuwa asibiti. Je filin firamare da la'asar sakaliya, ka jira yaro ɗaya ya faɗi ya dafe kafaɗa. Kafin ƙurar faɗuwarsa ta kwanta, mai shayi ya bar tukunya a wuta, mai faci ya yar da taya, ɗan kabu-kabu ya kafe babur a tsakiyar hanya, har malamin da ya fito shan iska da carbi a hannu ya iso, kowa da fatawarsa. Wannan ya ce targaɗe ne, wancan ya ce gocewa ce, na can baya wanda ko faɗuwar bai gani ba ya rantse ya ji ƙarar ƙashin tun daga bakin kasuwa. Wuri ɗaya kawai bakinmu ke haɗuwa, kuma kada wani ya sunkuyar da kai domin duk mun taɓa faɗa: "A ja! Ku ja masa hannun!"

Nan take sai ƙato ɗaya ya tuɓe takalmi, ya kafa diddige a hammatar yaro, ya cafki hannu ya ja iya ƙarfinsa, mutum uku sun danne ƙafafu, na huɗu yana lallashi, "Haba ƙanena, namiji ne fa kai, ga 'yan mata can suna kallo." In an ji ƙas, sai wuri ya kaure da tafi, mai diddige ya miƙe yana kaɗe wando, daga ranar ya zama abin nema a unguwa. In ba a ji ba, sai a ce bai iya ba, a kira wanda ya fi shi ƙiba.

Dabarar diddigen nan ba mu muka ƙago ta ba, in ma akwai mai shirin yin alfahari. Wani likitan Girka, Hifokiratis, ya bayyana ta dalla-dalla shekaru wajen 2,400 da suka wuce, har ya ƙara da cewa wanda kafaɗarsa ta saba fita a ƙona masa hammata da jan ƙarfe don wurin ya tsuke. Likitocin yau sun daɗe da jingine ƙarfen, diddigen ma yawancinsu sun bar shi, saboda ta hammatar nan jijiyoyin jini da jijiyoyin da ke kai ji da motsi zuwa yatsu suke wucewa. Ga shi kuma sau da yawa gocewa kan zo da tsagewar ƙashi a ɓoye, wadda ido ba ya gani sai hoto. Ka ja irin wannan hannun a filin ƙwallo, ka ga inda karin maganar nan ta samo asali: ana kukan targaɗe sai ga karaya ta samu.

Ita kafaɗa Allah Ya yi ta da sake. Kan ƙashin dantse mulmulalle ne, gurbin da yake zaune a ciki kuwa ba shi da zurfi, bai rufe fiye da sulusin kan ba. Shi ya sa hannu ke iya kaiwa sama ya tsinko mangwaro, ya koma baya ya sosa gadon baya, ya zagaya ya kai mari, abin da cinya ba za ta taɓa yi ba don nata gurbin mai zurfi ne. Abin da ke riƙe da kafaɗar shi ne wani leɓen guringuntsi da ya kewaye gurbin, da tantani, da wasu ƙananan tsokoki guda huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka rungume kan ƙashin. Duk cikin manyan gaɓoɓin jiki ba wadda ta kai ta saurin gocewa, kuma kusan kullum ta gaba take fita, lokacin da hannu yake sama an banƙare shi baya: mai tsaron gida ya yi tsalle, ɗan kokawa ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ko mutum ya faɗo daga bayan a-kori-kura.

Wanda ta goce masa bai kai shekara 20 ba, fiye da rabin irinsa sai ta sake fita, domin leɓen nan da ya yage ba ya komawa yadda yake don kawai an mai da ƙashi. Mu kuwa a nan wannan abin tinƙaho ne. Kowace unguwa tana da saurayi ɗaya da ake nunawa da baki, "Ka ga wancan? Tasa kafaɗar da kansa yake mai da ita." Shi kuma in an taru a majalisa sai ya nuna, ya jingina da bango ya murɗa, a yi ta dariya ana ba shi goro. Kowace fita tana ƙara cinye gefen ƙashin, amma wa zai ɓata wa jama'a nishaɗi?

Wani abin mamaki, ilimin nan duk muna da shi, sai dai a gidan kallo muke ajiye shi. Tuna daren 26 ga Mayun 2018, wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a Kiyef, da Sergio Ramos ya maƙale hannun Mohamed Salah suka zube tare, Salah ya fita yana hawaye tun ba a je hutun rabin lokaci ba. Real Madrid ta ci Liverpool 3 da 1, amma mu ba a nan shari'ar ta tsaya ba. Mun yi makonni muna zaman kotu a kan kafaɗar bawan Allah nan, 'yan Madrid na cewa ƙaddara ce, sauran na cewa Ramos tsohon ɗan kokawa ne da ya ɓata hanya ya shiga ƙwallo. Da Masar ta bar shi a benci a wasanta na farko da Yurugwai a gasar cin kofin duniya, sai ga mu muna gyaɗa kai irin na masana: "Daidai ne, kada a yi masa gaggawa, kafaɗa ba a wasa da ita." Sai bayan kwana 24 da rauninsa ya buga da Rasha, da likitoci da masu gashin ƙashi a kansa dare da rana, wasunmu ma suka ce an yi sauri.

Haka muka yi da namu Victor Osimhen. Ranar 13 ga Nuwamban 2020, a Benin, ranar da Najeriya ta ci Saliyo 4 da nema sannan ta bari aka farke duka huɗun (wannan ciwon daban ne, har yau bai warke mana ba), aka fitar da shi a makara kafaɗa ta goce. Bai koma wa Napoli wasa ba sai ƙarshen Janairun 2021, ga korona da ta haɗu masa a tsakani. Ba wanda ya kira shi rago. Amma mutumin da ya fi kowa ɗaga murya a gidan kallo cewa a bar yaro ya huta, shi ne wanda kafaɗarsa ta goce ranar Talata, ranar Juma'a yana kan tirela yana cilla buhu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, mu kuwa har shawarar likita tudu ce.

In ka bi diddigin yawancin kafaɗun da suka lalace a garin nan, za ka tarar ranar da abin ya faru akwai 'yan kallo a wurin. Shiga kasuwarmu bayan kaka, inda ake lodin masara da dawa. Buhun nan mai cin kilo 100, wanda hankali ya ce mutum biyu su kama, ɗan dako zai tsaya yana jiran abokin kamu, sai wani zauna-gari-banza daga inuwa ya ce, "A'a, Yaya, kai ma yanzu sai an kama maka?" Shi ke nan. An gama da shi. Zai fizgi buhun shi kaɗai daga ƙasa zuwa kafaɗa, ya ji wani abu ya tsarga masa har wuya, ya yi murmushi, ya kai buhu mota, ya dawo ya ɗauki na biyu don kada a ce na farkon sa'a ce. Shi kuma mai zugar ko buhun gishiri bai taɓa ɗagawa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma ba a banza muka tashi da wannan hali ba. Ƙasarmu ta Zuru ƙasa ce da ake auna namiji da jimiri. Kowa ya san yawan 'ya'yanta a aikin soja. 'Yan uwanmu Dakarkari, Lelna, suna da golmo, inda saurayi kan shafe shekaru, bakwai a al'adar da, yana noma wa surukai kafin a ba shi mata, suna da kokawa, suna da bikin Uhola da ake yi bayan an kau da amfanin gona. A irin wannan ƙasa, ko kai Bahaushe ne ɗan kasuwa ko Bafillace mai sanda, wa zai yarda a gan shi da hannu rataye a wuya da ɗankwalin matarsa? Gara a gan ka da ɗingishi, ka ce ƙaya ce.

Sai dai kuma magabatan da muke fakewa da su sun fi mu wayo nesa ba kusa ba. Ba su yin kokawa da bazara lokacin da rumbu ya yi ƙasa jiki ya rame, sai da kaka, ciki ya cika. Ba su yin ta a kan marmara, sai inda ƙasa ke da laushi ko rairayi. Ko a Nijar, inda ake gasar kokawa ta ƙasa ta neman takobi tun 1975, inda Issaka Issaka na Dosso, nan maƙwabtanmu, ya ɗauki takobi sau da dama, rairayi ake zubawa a fagen. Sannan dubi abin da ɗan kokawa ko ɗan dambe ke yi kafin ya shiga: makaɗi ya zuga shi, ya zagaya fage yana rawa, yana kirari, yana kaɗa hannuwa, yana tsuma har gumi ya tsattsafo. Mu muna ganin tsafi da burga, to akwai su, layu da guraye ba a bar su a gida ba, amma jikin nan ya ɗumama sarai kafin a kama shi. Jikokinsu kuwa mu ne muke sauka daga babur cikin hunturu, mu tuɓe riga, mu faɗa filin tsakuwa, mai tsaron gida ya yi shawagi a kan ƙasar da ko akuya ba ta son kwanciya a kanta.

Ga abin haushin: kowane ɗayanmu da asuba sai ya tada babur ya bar shi yana ƙugi na 'yan mintoci kafin ya hau, in yaro ya ja shi da sanyi sai ya sha faɗa, wai zai kashe inji. Amma ka ce da mai babur ɗin ya yi sassarfa minti goma yana juya kafaɗu kafin wasa, sai ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne. Alhali hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, tana da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 da ake kira 11+, wanda ba ya buƙatar komai sai fili da ƙwallo. An gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin ɗari a ƙungiyoyin da suka bi shi. Minti 20 ɗin nan mu a gardamar wa zai tsaya gola muke cinye shi.

Kada mu manta da 'yan ƙwanji. Bayan kowane kango akwai ma'aikatarsu: gwangwanayen fenti biyu cike da siminti an soka bututun ƙarfe a tsakani, wani lokaci tsohon ƙarfen injin mota, da benci mai ƙafa uku da bulo. Ba wanda ya san nauyin abin, kuma sau da yawa gefe ɗaya ya fi ɗaya, don simintin ya ƙare ana cikin zubawa aka cika da tsakuwa. Sabon shiga ba a ba shi ƙarami, ai babu ma ƙaramin, wanda shugaba ke ɗagawa shi zai ɗaga ranar farko, jama'a na ƙirga masa da ƙarfi. Kullum ƙirji da dantse ake ginawa, domin su ake gani a madubi kuma su ke cika riga ranar Sallah. Tsokokin baya da ƙananan huɗun nan masu riƙe gaɓar ba mai kula su, tunda ba budurwar da ta taɓa yabon allon kafaɗar saurayi. Sai gaba ya rinjayi baya, kafaɗu su ranƙwafo, a fara jin suka duk lokacin da hannu ya wuce kai, musamman ga masu saukar da ƙarfe ta bayan ƙeya. Da za a ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, a bar kwana ɗaya tsakani tsoka ta huta, a riƙa ja kamar yadda ake turawa, da ƙwanjin ya zo kafaɗa na nan lafiya. To amma Sallah saura mako uku, kuma ba a fafe gora ranar tafiya sai a Bena.

Sai a zo magani, inda muka fi ƙwarewa. Sabon rauni, wuri ya kumbura yana zafi rau, abin da yake so a kwana biyu ko ukun farko shi ne hutu da sanyi: ƙanƙarar leda a naɗe cikin tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗauke, a sake bayan 'yan sa'o'i. Mu kuwa ƙanƙarar sai mu jefa ta a zoɓo mu shanye, kafaɗar kuma a tafasa ruwa a gasa ta da tsumma, a mulke ta da man zafi, a samu mai ƙarfin hannu ya murje ta har mara lafiya ya kira sunan kakarsa. A wurinmu maganin da bai sa ka ƙara ba bai shiga ba. Gashi da ɗumi suna da ranarsu, bayan kumburi ya sauka, amma mu sauri ya haifi nawa.

Daga nan sai kemis. "Ɗan uwa, haɗa mini na ciwon jiki, mai ƙarfi." Sai a ƙullo maka ƙwayoyi kala-kala a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, sau da yawa biyu ko uku daga ciki duk dangi ɗaya ne, irin su diklofenak da ibufurofen, ka watsa su a cikin da ba komai sai ruwan shayi. Waɗannan in an daɗe ana haɗa su suna cin bangon ciki su kawo gyambo, suna kuma taɓa ƙoda. In ba su yi ba a nemi allura, don mun yi imani abin da ya bi ta tsinin ƙarfe ya fi wanda ya bi ta maƙogwaro daraja. Tiramol kuwa, wannan ba abin raha ba ne. Yana rufe bakin ciwo ne kawai, mutum ya koma gona ko lodi yana ƙara yaga abin da ya yage bai sani ba, ga kamu, ga jijjiga irin ta farfaɗiya ga wanda ya zarce. Hausawa sun ce jiki magayi, mu kuma mun sami hanyar toshe masa baki.

In mako biyu ya wuce ba sauƙi, sai wanzami ya zo ya kafa ƙaho ya fitar da mataccen jini. In wata ya cika, to magana ta canza, sai a fara rage murya. "Anya kuwa, Kawu? Ciwon nan ba na Allah da Annabi ba ne." A tuno wanda kuka yi cacar baki da shi a kan iyakar gona, a tuno matar da ta yaba ƙarfinka ranar sussuka ba ta ce tubarkalla ba. Buhun nan mai kilo 100 kuwa yana can a sito, ba wanda ya ambace shi.

Maɗori fa, a ba shi haƙƙinsa. Gadon gidansu ne, yana kusa, ba ya tambayar kati, ba ya cewa a ajiye kuɗi kafin ya taɓa ka, abin da ka samu ka ba shi sadaka, ya yi tofi ya shafa man kaɗanya ya jera kara ya ɗaure. Karaya da yawa sun haɗe a hannunsa, musamman ta siririn ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya zuwa kan kafaɗa, wanda 'yan kabu-kabu suka fi kowa karyawa, wanda kuma galibi in an rataye hannu yakan haɗe da kansa cikin mako shida zuwa takwas. Wanda ke zagin maɗori daga birni bai taɓa lissafa kuɗin mota daga Bena ta Wasagu da Ribah zuwa Zuru ba, balle Birnin Kebbi ko Sakkwato, balle asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, wanda yake aiki tun 1959, kuma bai san yadda zuciya ke dukan uku-uku a hanyoyinmu a shekarun nan ba. Amma maɗori ba ya ganin cikin tsoka, kuma ɗaurin da ya cika tsauri yana tare jini. In yatsu suka yi sanyi, ko suka fara baƙi, ko mutum ya daina jin su, ko zafin ya ƙi lafawa sai ƙaruwa, a kwance ɗaurin nan take a nemi mota, ko da maɗorin surukinka ne, domin a 'yan sa'o'i hannu kan mutu. Haka in kafaɗa ta canza siffa, ko hannu ya ƙi ɗaguwa sam bayan faɗuwa, musamman ga wanda ya haura 40, don a waɗannan shekarun jijiyar tsoka ce kan tsinke. Ita ma gocewar da aka bari ta yi makonni ana shafa mata mai, daga baya sai da tiyata take komawa. Ciwon kafaɗar hagu kuwa da ya zo da nauyin ƙirji da gumi da sarƙewar numfashi, wannan ba na man zafi ba ne, zuciya ce ke kira.

Duk surutun nan da muke yi na maza ne, alhali manyan 'yan wasan garin nan suna cikin gida. Wa ya taɓa ƙirga sau nawa taɓarya ke hawa sama da kai kafin dawar tuwon dare ta daku? Ga jan guga, ga wanki, ga surfe, ga cilla goyo baya da hannu ɗaya, shekara talatin ba hutun rabin lokaci, ba mai canji sai in an yi kishiya, ita ma sai an yi dace. Rannan sai Inna ta ce ba ta iya ɗaura ɗankwali, hannu ba ya kai wa baya, kabbara ma da ƙyar, dare ya yi ba ta iya kwanciya ta gefen. Mu kuma mu ce sanyi ne, tsufa ne, a sayo mata man zafi babbar kwalba. Akwai wani ciwo da tantanin gaɓar ke kumbura ya tsuke har kafaɗa ta sandare, ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, ya fi yawa ga mata, kuma yana bin masu ciwon suga ƙwarai. Yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa uku kafin ya saki. Inna da kafaɗarta ta ƙage ba faɗuwa ba komai, kuɗin kwalbar man nan gara a kai su a auna mata suga. Af, tunda muna cikin gida: ɗaga yaro ɗan shekara biyu da hannu ɗaya a tsallake kwata da shi, wanda dukanmu muke yi, iyaye da kawunnai, shi ke gocar da ƙashin gwiwar hannun yara, sai a ga yaro ya saki hannu ya ƙi karɓar ko alewa, a ce mayu ne.

Akwai kuma rukuninmu na masu shago da ma'aikata da alhazai, waɗanda tumbi ya riga su shiga masallaci. Hukumar lafiya ta duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Manomi zai yi dariya, shi kafin hantsi ya biya na mako guda. Mu kuwa sai mu tara bashin shekara cur, mu zo biya rana ɗaya a wasan tsofaffin 'yan ƙwallo na bayan Sallah, da rigar da ta daina shiga tun zamanin da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991. Minti goma da farawa an fitar da mutum biyu, washegari sahun masu salla a zaune ya ƙaru, kowa na cewa ai filin ne ba kyau.

Abin da masu gashin ƙashi na asibiti ke koya wa mai ciwon kafaɗa ba shi da tsada ko kaɗan, matsalarsa ɗaya, ba ya kama da jarumtaka. Ka sunkuya ka dafa tebur da lafiyayyen hannu, ka saki mai ciwon yana lilo a hankali. Ka fuskanci bango ka riƙa hawa da yatsu sannu-sannu har inda zafi ya ce tsaya, gobe ka ɗara kaɗan. In sauƙi ya samu, ka yanko robar tsohon tiyub na babur ka ɗaura a ƙyaure, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka riƙa jan robar zuwa waje kana mayarwa, don ƙananan tsokokin nan su farfaɗo. Wanda ta goce masa kuma ya haƙura da kokawa da lodi da tsaron gida wajen wata uku. To yanzu ka faɗa mini magidancin da zai tsaya a tsakar gida, gaban matansa da 'ya'yansa da surukar da ta zo wankan jego, yana tafiya da yatsu a jikin bango. Kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa iska ta taɓa wane.

Shi ya sa masu yi a ɓoye suke yi. Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon ɗan kokawa da a zamaninsa ba a kai bayansa ƙasa da arha, wanda aka koya masa hawan bangon nan a asibiti bayan ya faɗo daga amalanke. Kullum bayan asuba sai ya zagaya bayan rumbu ya yi abinsa, kuma hannun da a da ba ya wuce ƙirji har ya fara kaiwa ga hula. Rannan ɗan ƙanensa ya zagayo neman kaza ya tarar da shi manne da bango, hannu a sama, yatsu na rarrafe.

"Baba, lafiya? Me kake yi haka?"

"Kunama na gani ta shige nan. Kai kuma uban me ya hana ka sallama?"

Yaron ya ruga ya kira 'yan uwansa, suka zo da sanduna da tocila suka yi ta tonon bangon rumbu har rana ta take, tsohon na tsaye yana nuna musu ramin da ya fi zato.